Amsar Tambaya: Adana Hotunan Gida a Waya

Tambaya: Ina da tsofaffin hotunan iyayena, ina kuwa tsoron gara da damina. Yaya zan adana su? Daga wata mai karatu a Gummi.

Amsa: 'Yar'uwa, himmarki abar yabo ce ƙwarai, domin duk wanda ya shaidi ambaliyar da ta afka wa Gummi a daminar 2024 ya san takarda ba ta da alƙawari. Ki shimfiɗa kowane hoto a inuwa da hantsi, ki ɗauke shi da waya, sa'an nan ki rubuta a ƙarƙashinsa sunan mai shi da nasabarsa da munasabar ɗaukarsa, ko ɗaurin aure ne a Bukkuyum, ko hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Zamfara a Anka. Abin da ya shige miki duhu kuwa, ki tambayi dattawa tun suna raye, ki naɗi muryarsu.

Sai dai kada ki dogara ga intanet kaɗai wajen ajiya, domin an taɓa katse layukan waya a Zamfara a Satumban 2021. Ki kwafi hotunan a katin memori, ki ba wani ɗan'uwa amana. Hotunan matan aure kuwa, ba a watsa su sai da izininsu.