Kafin a Kafa Kanta a Mangaza, a Nemi Izinin Gini

Jama'ar Bana da kewaye, ƙasarmu ƙasar fatauci ce. Gadar da ta haɗa Gaya da Malanville ita ce ta kasance ƙofar kayan da ke fitowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ga kuma Kamba ta jihar Kebbi kusa da mu. Shinkafa, dilolin gwanjo, atamfa, taki da man gyaɗa, duk sai sun kwana a mangaza kafin su wuce. Da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma tsallake kogi a kwale-kwale, ɗakunan ajiya suka yawaita har cikin gidaje. Abin da wannan takarda ke son nunawa shi ne, yawancin gobarar mangaza tun ranar da aka tsara ginin ake shirya ta, don haka takardar izinin gini da ake karɓa a ofishin magajin gari ita ce matakin farko na kashe wuta.

Dalili kuwa a fili yake. Kayan da aka jera kan kantoci masu tsawo sun fi waɗanda ke shimfiɗe a ƙasa saurin ci da wuta. Ratar da ke tsakanin jeri da jeri tana jan iska daga ƙasa zuwa sama, sai harshen wuta ya hau har rufi cikin 'yan mintoci. Ƙarfen da ake dogara da shi ma ba ya jure wa zafi har abada: idan ya kai wajen digiri 600, kusan rabin ƙarfinsa ya tafi, sai kanta ta lanƙwashe, kaya su zube su toshe hanyar fita. Dilar gwanjo kuwa takan ci daga ciki, tana hayaƙi kaɗan-kaɗan, mai gadi bai ankara ba sai ta buɗe. Waɗannan abubuwa ne mai duba tsarin gini ke tambaya a kansu tun ana kan takarda: nauyin da daɓe zai ɗauka, ko an ɗaure ƙafafun kanta da ƙasa, faɗin hanya tsakanin jeri, ƙofa biyu masu buɗewa waje, tazarar aƙalla rabin mita tsakanin kaya da ƙwan lantarki, da kuma hanyar da motar 'yan kwana-kwana za ta bi ta iso bakin ƙofa. Gyara a takarda fensir kawai yake ci, gyara bayan an zuba kankare kuwa sai an rushe.

Tarihi ya ishe mu shaida. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ba a sake buɗe ta ba sai 1987. A watan Maris na 2016 kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi asarar shaguna sama da 3,000, a 2021 kuma manyan kasuwannin Sakkwato da Katsina suka bi sahu. A watan Satumba na 2023, wani ɗakin ajiyar fetur ya kama a Seme-Krake, kan iyakar Benin da Najeriya, mutum fiye da 30 suka rasu. Mu da jarkokin fetur ke zaune a gefen hanyoyinmu, in gemun ɗan'uwa ya kama wuta, sai mu shafa wa namu ruwa.

Wani zai ce gobara ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Gaskiya ne, amma malamanmu ba su taɓa koyar da cewa tawakkali ya hana ɗaukar sababi ba. Ɗan kasuwar da ke sa kwaɗo biyu a ƙofa don tsoron ɓarawo, bai kamata ya bar wayar lantarki tsirara kan buhu ya ce ya dogara ga Allah ba. Wani kuma zai ce takarda tana cin kuɗi da lokaci, wani lokaci ma a sa hannu ba wanda ya zo ya duba. Wannan kuka yana da tushe, kuma nauyinsa na kan hukuma: ta bayyana kuɗin takarda a allo, ta ba da rasit, ta aiko mai dubawa ya taka ƙafarsa cikin ginin. Amma sakacin ma'aikaci bai zama hujjar gina tarko ba. Mai cewa dukiyarsa ce, ya yi yadda ya ga dama, ya tuna cewa iskar hunturu ba ta san iyakar fili ba. Rufin maƙwabci na azarar giginya da zana shi zai fara biya.

Akwai kuma masu cewa ƙauye ne, motar kashe wuta ba ta kusa, to mene ne amfanin ƙa'ida? Ai wannan ne ma ya sa ta fi wajaba a kanmu. Inda taimako ke da nisa, mintocin farko suna hannun mai mangaza da yaransa. A raba fetur da taki daga tufafi da abinci, kowanne da ɗakinsa. Kaya masu nauyi su zauna a ƙasa, marasa nauyi a sama. A sa makashin lantarki a waje, a kashe shi kowace yamma, don wutar da ta dawo da ƙarfi tsakar dare ta sha ƙona shaguna. A rataye tukunyar kashe wuta mai hoda kusa da ƙofa, a ajiye bokitan yashi, a kuma koya wa 'yan dako cewa ba a watsa wa fetur ruwa, domin yaɗa shi yake yi.

Saboda haka, ya kai ɗan kasuwa, kafin ka sayi bulo ko ka kira mai walda ya haɗa maka kanta, kai tsarin gininka ofishin magajin gari a duba. Wanda ya riga ya gina kuma, ya gayyaci 'yan kwana-kwana su zagaya, ya gyara abin da suka nuna masa tun kafin hunturu ya shigo. Lambar kiransu 18 ce. A rubuta ta jikin ƙofar kowace mangaza.