Darasin Kasuwanci: Lissafin Da Ya Wajaba Kafin Buɗe Gidan Kula Da Tsofaffi

Kula da tsoho a ƙasar nan aiki ne na 'ya'ya da dangi, kuma har yanzu akasarin jama'a na ɗaukar kai mahaifi wani gida domin a riƙe shi a matsayin abin kunya. Amma zaman birni ya sauya al'amura. 'Ya'ya sun warwatsu wajen neman abinci, wasu a Ikko da Abuja, wasu a Ingila da Amurka, matan gida da dama kuma sun kama aikin albashi. Tsohon da ya sami shanyewar ɓarin jiki, ko wanda ruɗewar tsufa ta kama, yana bukatar mai tsaya masa dare da rana.

Kimanin kashi 5 cikin 100 na mutanen Nijeriya sun kai shekara 60, wato fiye da mutum miliyan 10. A 2018 aka sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, a 2021 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Duk da haka gidajen gwamnati irin na Yaba da ke Ikko ba su da yawa, abin da ya buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Sai dai wanda zai shiga ya san cewa akasarin kuɗin da ke fita a wannan sana'a ba ya raguwa ko gida ya cika ko bai cika ba. A kan wannan ne riba da hasara suka rataya.

Darasi daga Ingila

Kafin 2011, kamfanin Southern Cross shi ne mafi girma a wannan harka a Birtaniya, yana da gidaje kusan 750 da mazauna wajen 31,000. Yawancin gine-ginen ba nasa ba ne, domin an sayar da su an koma ana haya a cikinsu, bisa yarjejeniyar da ta sa kuɗin haya ke ƙaruwa kowace shekara. Da ƙananan hukumomi, waɗanda su ne ke biya wa yawancin mazaunan, suka tsuke bakin aljihu, gadaje kuma suka fara zama babu kowa, sai kamfanin ya kasa biyan masu gidaje. A 2011 ya durƙushe, aka rarraba gidajen ga wasu kamfanoni. Abin da ya kayar da mai gida 750 shi ne zai kayar da mai gado 12: haya mai hawa da gado maras mai shi.

Lissafin ma'aikata

Shago ana rufe shi da dare, wannan gida kuwa ba a rufe shi. A ɗauki misalin gida mai gado 12 da ya raba yini kashi uku na awa 8: masu kula biyu da safe, biyu da yamma, ɗaya da dare. Zama biyar ke nan a rana, 35 a mako. Idan kowane ma'aikaci zai yi zama shida a mako, ana bukatar mutum shida, tun ba a yi maganar wanda zai tafi hutu ko ya kwanta rashin lafiya ba. A kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka tsayar a 2024, su kaɗai za su ci Naira 420,000 a wata. Ga nas, ga mai dafa abinci, ga mai wanki da maigadi.

Dokar albashin ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma rage albashi a nan arha ce da ba ta ado. Aikin ya haɗa da wanka da kai mutum bayan gida da juya wanda ba ya iya motsi duk bayan awa biyu, domin kada gyambon kwanciya ya fito masa. Ƙwararre a wannan aiki ba ya daɗewa inda ba a biyansa da kyau, tsoho kuma yana wahala ƙwarai duk lokacin da aka sauya masa hannun da ya saba da shi.

Gado nawa ke mayar da kuɗi

A ci gaba da misalin. A ce albashi da haya da man janareta da ruwa sun tashi Naira 1,800,000 a wata, kowane mazauni kuma yana biyan Naira 300,000, wadda Naira 100,000 daga ciki ke tafiya a abincinsa da sabulu da sauran kayan bukatunsa. Abin da ya rage a kowane gado Naira 200,000 ne. Ashe sai gado tara sun cika kafin gidan ya riƙe kansa. Gado 12 na kawo ribar Naira 600,000, gado bakwai kuwa na jawo hasarar Naira 400,000 kowane wata. Sabon gida ba ya cika a wata ɗaya, kuma rasuwa ko komawa gida na barin gado a buɗe ba tare da sanarwa ba. Saboda haka ya kamata a ware kuɗin tafiyar da gida na aƙalla wata shida, dabam da na gyara da sayen kaya. Wanda zai yi haya ya nemi yarjejeniya ta shekaru da dama wadda ta fayyace iyakar ƙarin da mai gida zai iya yi.

Rajista da izini

Matakin farko shi ne rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Kamfani mai iyakantaccen alhaki ya fi dacewa da sunan kasuwanci kawai, domin yana raba dukiyar mai shi da bashin kamfani. Izinin aikin jinya kuwa a hannun jihohi yake. A Jihar Ikko hukumar HEFAMAA ce ke duba cibiyoyin lafiya, a Kano kuma PHIMA ce ke lura da masu zaman kansu. A tuntuɓi ma'aikatar lafiya da ta jin daɗin jama'a kafin a biya kuɗin haya. Dole nas ta kasance da lasisin Majalisar Nas-nas da Ungozoma ta Nijeriya, a kuma ƙulla yarjejeniya da likita da asibiti mafi kusa.

Gini da tsari

Gidan ƙasa ya fi bene. Faɗuwa ita ce babban haɗarin tsoho, karayar ƙugu kuma kan kwantar da shi har ƙarshen rayuwa. A sa ƙarfen dafawa a bayan gida da baranda, a guji daɓe mai santsi, ƙofofi su kai faɗin santimita 90 domin keken marasa lafiya. Wuta ba ta yankewa a inda ake ajiye allurar ciwon sukari a firji. Wajibi ne a raba ɓangaren maza da na mata, mata su kula da mata, a tanadi wurin ibada, a kuma bar ƙofa a buɗe ga dangi. Inda jama'a ba su saba da barin tsoho ya kwana a waje ba, ana iya farawa da kulawar yini, ko riƙon 'yan makonni bayan sallama daga asibiti, har a sami amincewarsu.

Yarjejeniya da iyali

Wanda ke zaune a gidan sau da yawa ba shi ne mai biya ba. A rubuta sunan wanda ya ɗauki nauyi, da ranar biya, da wanda zai biya kuɗin asibiti, da wanda za a kira idan ta Allah ta kasance. A karɓi kuɗin wata uku gaba, a buɗe wa kowane mazauni littafin magani da ake sa hannu duk lokacin da aka ba shi. Ɗan kasuwan da ciniki ya juya wa baya yana iya karyar da kayansa ya kulle shago, amma tsohuwar da ba ta iya tashi ba a fitar da ita titi don ɗanta ya daina aiko da kuɗi. Domin haka tun ranar buɗewa ya kamata a rubuta wa'adin da za a ba iyalai, da inda za a mayar da kowane mazauni, idan har rufe gidan ya zama dole.