A gwada kafin a aika: madubin kallon taurari

Da dare a Dakoro, manomi yakan ɗaga kai ya dubi Kaza da Ƴaƴanta. Amma akwai hasken da ido ba ya gani. Da shi ne likita ke ɗaukar hoton ƙirji ko na ƙashin da ya karye. Sunansa hasken iks. Wani Bajamushe mai suna Röntgen ya gano shi a 1895.

Taurari ma suna fidda wannan haske, sai dai iskar da ta lulluɓe duniya tana tare shi. Mai son ganinsa, dole ya aika madubi can sama.

Madubin ɗaki ba ya maido hasken iks. Sai in hasken ya zo a karkace, kamar dutsen da yaro ke wurgawa bisa ruwan tabki, yana tsalle. Shi ya sa ake ƙera madubin kamar ganga marar fata, cikinsa sumul.

Don me ake gwada shi? A 1990, Amurka ta harba madubin Hubble, mai kallon haske irin wanda ido ke gani. Kuskuren da aka yi wajen goge shi bai kai kaurin gashin kai ba, amma hotunan suka fito dishi-dishi. Sai da mutane suka hau sama a 1993 suka gyara.

Madubin hasken iks mai suna Chandra kuwa, tafiyarsa ta kai wajen kashi ɗaya cikin uku na nisan wata. Mai gyara ba ya zuwa can. Saboda haka aka gwada shi a garin Huntsville na Amurka, daga ƙarshen 1996 zuwa 1997. An yi amfani da bututu mai tsawon mita 500 da ɗoriya, aka zuƙe iskar ciki. Aka kunna hasken a baki ɗaya, kamar tauraro mai nisa. Madubin yana ɗaya bakin, ana auna inda hasken ke taruwa. An harba shi a 1999, hotunansa suka fito sarai.

Manomi ma ya san wannan dabara. Kafin shuka, yakan sa ƙwayar hatsi 100 cikin jiƙaƙƙen tsumma, ya ƙidaya waɗanda suka tsira. Iri in ya shiga ƙasa, ba ya komowa rumbu.

Tambayoyi:
1. Mene ne ke tare hasken iks?
2. Don me aka gwada Chandra tun yana ƙasa?