Kufan Masana'antu da Binciken Haɗin Gwiwa: Daga Tekun Arewa zuwa Gusau

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake kwance kayan haƙar mai idan wa'adinsu ya cika, domin nuna gurbin masu nazarin Hausa a binciken haɗin gwiwa kan kufan masana'antu a Zamfara.

Gabatarwa

Bahaushe na kiran matsugunin da aka tashi daga cikinsa kufai. Kufan gida na laka ne da itace, ruwan sama kan mayar da shi gona. Kufan masana'anta kuwa na ƙarfe ne da dattin mai, illarsa na nan ko bayan masu shi sun watse.

Darasin Brent Spar

A 1995 kamfanin Shell ya yi niyyar nutsar da Brent Spar, wani katafaren rumbun ajiyar mai da ke Tekun Arewa, a cikin zurfin Tekun Atlantika. Ƙungiyar Greenpeace ta yi tsayin daka har aka fasa. Daga baya ƙungiyar ta nemi afuwa domin ta zuzuta yawan man da ya rage cikinsa, kuma binciken kamfanin Det Norske Veritas ya tabbatar da kuskuren. A 1998 ƙasashen yarjejeniyar OSPAR suka hana zubar da irin waɗannan kayan a teku, in ban da keɓantattun dalilai. Wannan na nuna cewa alƙaluman ɓangare ɗaya ba su isa hujja ba.

A Nijeriya, Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta wajabta wa kamfanoni ware asusun kwance kayan aiki idan sun gama amfani.

Yadda Abin Ya Shafi Zamfara

Zamfara ba ta da teku, amma akwai daffon mai na NNPC a Gusau, wanda bututu ya haɗa da matatar Kaduna ta Zariya. Matatar ta shafe shekaru ba ta tace mai, tankoki ne ke dakonsa ta hanyar Tsafe, su wuce Bunguɗu zuwa Sakkwato. Gyara ko kwancewa, dole a san halin da bututun yake ciki, da ƙasa da ruwan da ke kewaye da shi.

Jihar ta san zafin gurɓatar ƙasa. A 2010 gubar dalma ta hallaka yara kimanin 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. An shawo kanta ne da haɗin gwiwa: likitocin MSF suka yi magani, ƙwararrun TerraGraphics suka jagoranci kwashe gurɓatacciyar ƙasa, aikin da ya kai Bagega a 2013.

Gurbin Masu Nazarin Hausa

Na farko shi ne samar da keɓaɓɓun kalmomi. "Rufewa" ta tsaya ga kulle ƙofa, "rushewa" ba ta ƙunshi gyaran wuri ba. Maƙalar na ba da shawarar "kwancewa da farfaɗo da muhalli". Na biyu shi ne tarihin baka. Manomi ya san rijiyar da ruwanta ya sauya ɗanɗano, tsohon ma'aikaci ya san inda aka binne abin da taswira ba ta nuna ba. Mai nazarin Hausa ne ya ƙware wajen tattara irin wannan shaida da tace ta.

Kammalawa

Ya dace Jami'ar Tarayya ta Gusau ta haɗa masana harshe da na kimiyyar ƙasa da na lafiya a bincike guda, tun tsofaffin ma'aikatan da suka ga jiya suna raye.