KARANTA JAGORA KAFIN KA CIKE FOM

'Yan'uwa ɗalibai, musamman 'yan ajin ƙarshe, sau da yawa yaro yakan ci jarrabawa da kyau amma ya rasa gurbi a jami'a. Dalili kuwa shi ne bai karanta littafin jagora na JAMB ba kafin ya cike fom.

An kafa hukumar JAMB a 1978. Jagoranta, wanda yanzu ake samu ta intanet, yana nuna kowane fanni, da makarantun da ke koyar da shi, da darussan da ake bukata. Misali, mai son likitanci dole ya rubuta Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. In ya sa Jogarafi a maimakon Fiziks, ko ya ci maki 300 cikin 400, shekarar ta wuce shi.

Ka ɗauki takarda, ka jera makarantu uku, kamar Jami'ar Jos, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da wata kwalejin ilimi. A ƙarƙashin kowace, ka amsa waɗannan:

1. Kiredit nawa suke so, kuma a zama nawa?
2. Hukuma ta amince da fannin? NUC ke duba jami'o'i, NCCE kuma kwalejojin ilimi.
3. Iyayena za su iya biyan kuɗin makaranta, masauki da mota?

Sa'an nan ka nuna wa malaminka da iyayenka, gama matambayi ba ya ɓata. Luka 14:28 ma lissafi kafin gini yake koya mana. Ubangiji ya bi da ku.