Daga Batir Ake Fara Lissafi: Zaɓen Kayan Kwamfutar Gem a Yammacin Zamfara

Kaya bakwai ne ke haɗuwa su zama kwamfutar gem: firosesa, madabod, ram, katin girafik, ma'ajiyar bayanai, fawa-fak, sai akwatin da zai ɗauke su da fankokinsa. A bidiyoyin YouTube da samari ke kwana kallo, katin girafik ake fara zaɓa, sauran su biyo baya gwargwadon abin da ya rage a aljihu. Wannan tsarin mutanen da ba a ɗauke musu wuta ne. A Tungar Daji da ƙauyukan da ke kewaye da ita a Anka, Bukkuyum da Gummi, inda cajin waya ma sana'a ce da ake biyan kuɗi a kanta, wanda ya san aikin yakan fara ne da duba batirin da ke ƙuryar shagonsa.

Galibin masu wannan buri ba 'ya'yan masu hannu da shuni ba ne. Mai gyaran waya ne, ko mai tura fina-finai a memori, ko yaron gidan gem da ya gaji da PlayStation 2 wadda ba ta karanta faifai sai an lallaɓe ta. Yana so ya buga wasa, yana kuma so na'urar ta mayar da kuɗinta: da yamma a biya a buga ƙwallo, da safe a tura fim, a buga takarda, a sa wa waya sabuwar manhaja. Don haka sai ya fara tsayar da wasan da za a buga. Idan PES 2021 ne da GTA V da Mortal Kombat, babu buƙatar ƙaton kati. Zamfarawa kuma ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya da intanet a faɗin jihar na tsawon makonni. eFootball, wanda ya gaji PES a wannan shekarar, yawancin abin da ke cikinsa sai da sabis. Mai wayo yakan gina na'urarsa a kan wasannin da ke tafiya ko da layi ya ɗauke.

Sai lissafin wuta. Dogon batirin nan mai ruwa, mai bolt 12 da amfiya 200, a takarda yana iya ba da wat 2,400 na awa ɗaya. Ba a zuƙe shi fiye da rabi idan ana so ya yi shekaru, inbata ma tana cin nata kason, don haka abin da ke hannu bai wuce wat dubu da ɗoriya ba. Kwamfuta mai Ryzen 5 5600 da katin RX 6600, haɗe da allo, tana shan kusan wat 250 idan wasa ya yi zafi, wato awa huɗu ke nan bayan faɗuwar rana. RX 580, wanda ya cika kasuwar gwanjo saboda araha, shi kaɗai wat 185 yake ja, alhali RX 6600 yana tsayawa a 132 kuma ya fi shi gudu nesa ba kusa ba. Arahar da aka samu a kasuwa, batir ne zai biya ta kullum dare. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, ba wanda ke son ya rufe wannan giɓi da janareto.

Akwai hanyar da ta fi dacewa da mai farawa, ko da yake samari ba su cika son jinta ba: Ryzen 5 5600G. Wannan firosesa yana da nasa girafik a ciki, yana ɗaukar PES da GTA V idan ba a ƙure kyan hoto ba, kuma duk na'urar ba ta cika wuce wat ɗari da 'yan kai ba. Batir ɗaya zai raka ta har dare ya raba. Ramin katin yana nan a madabod, duk ranar da kuɗi suka samu sai a cike shi.

Batirin nan kuwa dalma ce maƙil a cikinsa, kuma Tungar Daji ba ta buƙatar a yi mata bayanin dalma. Tana cikin ƙauyukan da gubarta ta afka wa a 2010, tare da Dareta, Abare, Sunke, Duza, Tungar Guru da Yargalma, lokacin da niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar yara fiye da 400. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka kwashe, likitocin ƙungiyar MSF kuma suka daɗe suna jinyar yara a Anka. Batirin da ya mutu ba a fasa shi a tsakar gida, ana mayar wa dillali ne a rufe. Haka tsofaffin madabod, waɗanda da yawansu da dalma aka liƙa su; ruwan zinaren da ke ƙafafun firosesa bai kai a ƙona allo a shaƙi hayaƙinsa ba.

Kayan ba a samunsu a kasuwar Anka. Sai an bi ta Mayanchi zuwa Gusau, yawanci ma a zarce Kano, titin Beirut, inda shagunan kwamfuta suke jere. Wasu sukan aika Computer Village da ke Ikeja a Legas a sa musu a mota. Hanyar ba ta biyuwa da dare, kuma ba tafiya ce da ake maimaitawa don an manta igiya ɗaya ba. Farashi yana bin dala, wadda ta tashi daga kusan naira 460 a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, shi ya sa sabo a kwali ya zama na ɗaiɗaiku, gwanjo ya zama na kowa.

Firosesa da madabod tare ake sayensu, a shago ɗaya, a ga sun tashi kafin a miƙa kuɗi. AMD ta sauƙaƙa abin: ramin AM4 ya ɗauki Ryzen tun daga 2017 har zuwa jerin 5000, sai dai tsohon bod irin B450 yana iya ƙin sabon firosesa har sai an sabunta masa BIOS. Tarkon Intel ya fi muni. Ramin LGA1151 iri biyu ne masu suna ɗaya: firosesa na ƙarni na takwas zai zauna daram a bod na ƙarni na shida, amma ba zai taɓa kawo hoto ba. Wanda lambarsa ta ƙare da F, kamar i5-12400F, ba shi da girafik ko kaɗan, dole sai da kati. Ryzen na AM4 yana da siraran ƙafafu 1,331 a ƙasansa. A ɗaga shi a hasken rana a karkata, layi bayan layi, don ƙafa ɗaya da ta lanƙwashe ta isa ta hana ram ɗaya aiki.

Ram giga 16, takwas-takwas guda biyu, DDR4 na tebur, ba gajeren na laftof ba. Ma'ajiya SSD ce, giga 500 ko sama, tunda GTA V kaɗai yana cin kusan giga 100. Manhajar CrystalDiskInfo za ta faɗi awannin da ta yi tana aiki, ko da mai shago ya rantse jiya aka sauke ta daga jirgi.

Kati kuwa a kunne ake sayensa. «Maigida, a sa mu gani» ba raini ba ne, kuma dillalin kirki ba ya jin haushi. GPU-Z zai tona asirin tsohon GTS 450 da aka sauya wa suna ya koma GTX 1050 Ti. FurMark kuma, cikin kwata ɗaya na awa, zai nuna ko katin yana watsa ɗige-ɗige a allo ko zafinsa yana haurawa sama da digiri 85. Da yawa daga cikin RX 580 na gwanjo sun yi shekaru suna haƙar kuɗin Ethereum dare da rana kafin a daina haƙarsa da kati a Satumbar 2022, don haka a saurari fankarsa da kyau.

Inda gwani ke bambanta da ɗan koyo shi ne fawa-fak. Shi ne kayan da ba ya ƙara wa wasa kyau ko gudu, don haka shi ake bari ƙarshe, lokacin da kuɗi suka kusa ƙarewa, a karɓi wanda aka bayar kyauta da akwati. Shi ne kuma idan ya mutu yake iya tafiya da sauran.

Gwani yakan fara ɗaukarsa a tafin hannu. Mai kyau yana da nauyi, saboda tagulla da ƙarfen sanyaya da ke ciki. Jabu kamar gwangwanin madara da aka shanye yake. Sannan ya juya shi ya karanta takardar da ke gefe, ya tsallake babban adadin da aka rubuta da ja, ya nemi layin bolt 12, domin daga nan firosesa da kati ke sha. Idan an rubuta amfiya 18 a ƙarƙashinsa, 18 sau 12 ya ba da wat 216, ko da kwalin yana ihun 500. Na gaske mai wat 550 zai nuna amfiya arba'in da wani abu. Tambarin 80 Plus yana nufin aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya ja tana isa ga kayan, sauran ce ke zama zafi. Ga mai sola wannan ba ado ba ne, mintuna ne na wasa. Tsohon Corsair ko Seasonic ko Cooler Master mai lafiya ya fi sabon da ba a san uwarsa ba.

Daga nan sai gwajin da masu gyara ke alfahari da shi. A ɗauki ɗan guntun waya, a haɗa koriyar igiya da baƙa a babban soket mai ramuka 24, a kunna. Fanka ta juya, to yana da rai. A kawo mita: ruwan ɗorawa ta ba da bolt 12, ja ta ba da 5, ruwan lemo ta ba da 3.3. Idan ruwan ɗorawar ta sauka ƙasa da 11.4 ko ta haura 12.6, a ajiye shi, ko nawa aka rage. Mai gyaran waya da ya saba da mita yakan gama wannan kafin mai shago ya gama yabon kayansa.

A leƙa bayansa kuma. Tsofaffin fawa-fak da aka kwaso daga Amurka suna da ɗan jan makunni mai 115 da 230. Wutar Najeriya 230 ce. Wanda ya jona shi yana kan 115 zai ji ƙara guda, ya ga hayaƙi, shi ke nan. Na cikin kwamfutocin ofis irin Dell OptiPlex kuma da yawansu soket ɗinsu na gidansu ne, ba ya shiga madabod na kasuwa.

Igiyoyin ma a ƙirga su tun a shago. Ramin madabod yana bai wa kati wat 75, igiya mai baki shida ta ƙara 75, mai baki takwas ta ƙara 150. GTX 1650 yawanci ba ya neman ƙari, shi ya sa yake da farin jini a wurin masu tsohuwar na'ura. Idan kati yana son baki takwas kuma fawa-fak ba shi da ita, dillali zai miƙo 'yar adafta da ke jawo wuta daga igiyar SATA, ya ce kowa da ita yake amfani. Wannan igiya wat 54 aka yi ta ta ɗauka. Narkewa take yi, sau da yawa cikin dare, ana tsakiyar wasa. Baki takwas na firosesa da baki takwas na kati sun yi kama, amma wayoyinsu a juye suke. Wanda ya ƙi shiga da sauƙi kada a danna shi da ƙarfi.

Duk wannan bai cika ba sai an dubi inbata. Fawa-fak na zamani yana son wuta mai santsi irin ta layin gwamnati, wadda inbata mai tsada ke bayarwa. Mai araha tana ba da wuta mai tsalle-tsalle, sai a ji fawa-fak yana ƙugi, ko na'ura ta mutu daidai lokacin da kati ya ja wuta da ƙarfi. Ƙaramin janareton nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai ya fi kowa ɓarna, don wutarsa tana hawa da sauka da numfashin injin. In dole ne sai da shi, a sa stabilaiza a tsakani.

Akwati shi ne na ƙarshe, kuma a nan ido ke yaudarar mutum. Mai gilashi a gaba da fitilu kala-kala yana da kyau a hoto, amma a bazarar Gummi, da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu, iskar da ke shiga ma mai zafi ce, balle a toshe mata hanya. A zaɓi mai raga a gaba, fanka biyu suna shigar da iska, ɗaya tana fitarwa ta baya, da matatar ƙura da ake iya zarewa a wanke. A sayi man sanyaya firosesa sabo, tunda na jikin gwanjo ya riga ya bushe.

Ɗaurin kusoshi da jona igiyoyi aikin yini guda ne ga wanda ya taɓa buɗe waya. Abin kiyayewa shi ne dawowa gida. Ko an haɗa na'urar a Kano don gwaji, a zare katin a naɗe shi daban kafin a hau mota, musamman zangon ƙarshe da ake yi a bayan babur. Nauyinsa da girgizar hanya suna iya tsinke ramin daga jikin madabod. Da an isa, a mayar da shi, a jona igiyar allo a bayan katin, ba a bayan madabod ba. Idan fankoki sun juya amma hoto bai zo ba, a fara zare ram a sake danna shi har a ji ƙas ta gefe biyu, domin yawancin matsalar ranar farko daga nan take.

A ɗora akwatin a kan tebur, kada a ajiye shi a ƙasa. Da hunturu, lokacin da hazo ke shiga ko ta ƙarƙashin ƙofa, a buɗe shi duk bayan 'yan makonni a hure da bulowa a waje, ana riƙe da fuka-fukan kowace fanka da yatsa don kada iskar ta juya ta fiye da ƙima ta lalata mata gindi.