Ƙwayar Cuta a Gaban Shari'a

A Gyadi-Gyadi, cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Babbar Kotun Tarayya maƙwabta ne. Ɗalibi zai iya tambaya: me ya haɗa ɗakin gwaje-gwaje da zauren shari'a? Amsar tana cikin murar tsuntsaye.

Wannan cuta, mai lamba H5N1, ta ɓulla a Nijeriya a watan Fabrairun 2006, ta hallaka kaji masu ɗimbin yawa a gonakin Kaduna da Kano. Takan kama mutum, amma da ƙyar take tsallakawa daga wani zuwa wani. A 2011, masana biyu, Ron Fouchier a Holan da Yoshihiro Kawaoka a Amurka, suka nuna cewa 'yan canje-canje kaɗan a ƙwayoyin halittarta kan sa ta yaɗu ta iska tsakanin wasu dabbobi masu kama da tunku.

Nan fa aka ja daga. Kwamitin tsaro na Amurka ya nemi a ɓoye hanyoyin binciken, don gudun kada 'yan ta'adda su kwaikwaya. Wasu masana kuwa suka ce idan aka ɓoye, likitoci ba za su san alamun da za su sa wa ido ba. Gwamnatin Holan ta tilasta wa Fouchier neman lasisi irin na fitar da kayan da kan iya zama makami, kafin aka buga sakamakon a 2012.

To, ina matsayin doka? Yarjejeniyar haramta makaman ƙwayoyin cuta ta 1972, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1973, ba ta hana bincike ba. Abin da ta hana shi ne ajiye ƙwayar cuta, iri ko yawa, wanda magani ko rigakafi bai bukata ba. Rauninta shi ne ba ta da masu duba-gari. A gida kuwa, dokar ta'addanci ta 2022 ta haramta irin waɗannan makamai, kuma Babbar Kotun Tarayya ke da hurumin sauraren ƙarar.

Ashe wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka hannu, doka kuwa niyya da adadi take aunawa.

Tambaya ga aji: da a Kano aka yi wannan bincike, wa ya kamata ya yanke hukuncin bugawa: masani, soja, ko alƙali? A kawo dalilai.